Ƙanƙara a Ƙauyen Orrin

Orrin Tollefsen ya ƙarar da ƙarfinsa a kan motar share dusar ƙanƙara a Duluth, wani gari mai tsananin sanyi a bakin babban tafki. Ya ture ta da safe, ta dawo da rana, ya sake turewa. Da ya yi ritaya sai ya rantse ba shi ba farin abu, ko madara ya daina zubawa a kofi. Ya shige gareji ya kama gina ƙasa mai zafi a kan tebur.

Ƙungiyarsu ta masu yaƙin tebur tana haɗuwa ranar Asabar a ɗakin ƙasa na coci. Manya ne da hankalinsu, wasu har da jikoki, kowa da 'yan sojojinsa na dalma da ba su wuce gaɓar yatsa ba, da tef ɗin awo, da dayis irin na ludo. A auna tafiyar soja, a jefa dayis, a yi ta musun wa ya mutu. Orrin bai taɓa zama gwanin yaƙi ba. In ya jefa dayis, kai ka ce ya taɓa zagin uwar dayis ɗin. Amma in gini ne, sai a matsa masa.

Bai taɓa taka Afirka ba, hotuna kawai ya tara ya manne bangon gareji da su. Ya ƙirƙiro ƙabilu biyu da babu su a taswirar kowa, mutanen Tudu da mutanen Kwari, masu rikici a kan shanu. Ya gina wa na Tudu ƙauye: bukkoki na kwali, jinka ta tsohon tawul da ya taje da gam, rumbuna a kan ƙafafun ashana, kuka ta murɗaɗɗiyar waya da garin katako, jar ƙasa ta dusar kofi da ya shanya ya rina. Ciyawa kuwa daga wuyan rigar sanyin matarsa Marlys ta fito.

"Orrin, asu ne suka ci min gashin rigar nan?"

"Manya ma kuwa."

"Asun da ke yanka a miƙe da almakashina?"

Sau ɗaya a shekara ƙungiyar kan yi babban yaƙi a teburin tsakiya. Tun da aka kafa ta, teburin na Gordy Pelto ne, tsohon mai gyaran famfo, da tankokin yaƙinsa da ramukansa masu launin toka. Bana aka ce a gwada ƙauyen Orrin, shi ya ja Tudu, Gordy ya ja Kwari, da sharaɗi: in filin bai yi ba, na Gordy na nan a bayan mota, kuma an rufe maganar har abada.

Ana gobe yaƙi, Orrin ya ɗauki gwangwanin feshin da ke kare fenti daga yatsun mutane. Duk mai wannan wasa ya san ba a fesa shi cikin sanyi da danshi. Shi kansa Orrin ya sha yi wa sababbin shiga wa'azi a kai. Amma ranar zumuɗi ya rufe masa ido, danshin tafki kuma ya cika garejin. Ya feshe bukkoki, ya feshe shanu, ya bi mayaƙa ɗaya bayan ɗaya, ya shiga gida shan kofi yana fito.

Da ya dawo, ƙauyen ya yi fari fat. Fari a kan jinka, fari a ƙahon shanu. Mayaƙa ba riga, riƙe da masu, tsaye cikin ƙanƙara. Marlys ta leƙo, ta duba, ta toshe baki da hannu ta koma ciki. Ta bango ya jiyo dariyar.

Da safe ya ɗauki ƙauyen ya kai coci lulluɓe da zanin gado. Gordy ne ya yaye, sai ɗakin ya fashe da dariya.

"Mutumina, ka taho da motar taka?" in ji Gordy. "A share wa shanun nan hanya mana!"

Wani daga baya ya ce, "A yi musu karo-karon safa, bayin Allah!"

Kunnuwan Orrin suka yi jawur. Gordy ya zaro makullin mota yana kaɗawa, ya nufi matakala. Sai ya tsaya dab da kukar, ya sunkuya, ya gyara tabarau. A reshe akwai amyar zuma da ba ta kai ƙwayar wake ba. A gindi ga wata tsohuwa tana daka, kaza na satar tsaba a bayanta. Ya daɗe yana kallo.

"Wata da watanni ina shirin ƙone ƙauyen nan," ya ce, "sai ka ɓata min shi tun ban iso ba? Tsoho, ba ka da kirki."

Ya mayar da makulli aljihu ya shige kicin ɗin coci. Ya fito da kwalbar man zaitun, ya aika a sayo tsinken goge kunne. Ya ɗiga man a kan saniya ɗaya, ya murza, sai ga jar saniya ta fito daga cikin farin.

Haka dattawan nan suka zagaye tebur suna shafa wa mayaƙa mai kamar masu shirya ango. Bango ya dawo, kuka ta dawo, tsohuwa mai daka ta fito tana ƙyalli. Jinka ce kawai ta ƙi, tawul ya shanye man ya tsaya a farinsa.

Gordy ya nuna da tsinke. "Wannan fa?"

"Gari suka shanya," in ji Orrin, ko ƙifta ido bai yi ba.

Aka ɗaga hannu, aka yarda gari ne.

Yaƙin kuwa, ba a taɓa yin mai santsinsa ba. Dayis na kuɓucewa ya faɗa ƙarƙashin kujera, ɗakin na ƙamshin kwaɗo. Ana tsakiyar artabu wani ya bugi tebur da gwiwa, shanun Orrin suka sulalo daga tudu a jere har cikin sansanin Kwari.

"Da ƙafarsu suka zo," in ji Gordy, ya sa hannu ya kare su. "Ni ban ga doka a kan baƙi ba."

Kafin a buɗe tukunyar dankali da naman da Marlys ta aiko, Orrin ya rasa shanu, ya rasa sarkinsa, an ɗora wa rumbunansa audugar da ke nuna hayaƙi. Yana tattara gawawwaki cikin kwali, Gordy ya zo yana goge hannu a wando.

"Baɗi ina son kogi. Da kada a ciki."

Orrin ya ɗago. "Baɗi? A teburin nan?"

"To a ina, a kan cikina?"

"Kogin ta gefena zai bi."

"Ta tsakiya, ɓarawo!"

Kowa ya ja tef ɗinsa, suka duƙa a kan ƙauyen suna awo suna musu, abincinsu na hucewa a faranti.