Ɗigon da Baba Ya Kauce wa Tsakiya

A shekarun kiris, wato matsin tattalin arziki, lokacin da biro-biro na Douala, wato ofisoshi, suke ta sallamar ma'aikata, ni ma aka kompirese ni daga aikin sakatariya. Na dawo gidanmu na New Bell da rula ɗaya da magogin fensir a jaka, ladan shekara tara ke nan.

Baba yana da shago a bakin layinmu, da injin gurzar katako da muke kira tur. Shekara arba'in yana fitar da ƙafafun gado da na tebur. Da kiris ta zo, wa yake ta gado? Sai ya koma yin mazaunin kyandir, tunda ɗauke wuta ya zama ruwan dare.

Yayana da ke unguwar Village ne ya fara ɗago maganar. Ya leƙa shagon, ya ga mazaunan a jere a kan kanta, kowanne ya karkace kamar mai ciwon ƙugu. Ya gaya wa Inna cewa idon tsoho ya tafi, kuma injin nan ba ya wasa da yatsu. Ya yanke cewa ranar Juma'a za a zauna a roƙi Baba ya ajiye aiki, a sayar da tur ɗin. Ni kuwa na san raba Baba da injin nan daidai yake da haƙa masa kabari. Amma wa zai dubi idonsa ya ce masa ba ka gani? Inna ta ce tunda ni nake kai masa abincin rana, in sa ido.

Ranar Laraba na same shi yana ɗiga fensir a kan guntayen katakon sapele. Na saci kallo. Ko ɗigo ɗaya bai sauka a tsakiya ba, duk sun kauce da faɗin yatsa. Da ya tafi sallar azahar na zaro rulata, na goge nasa, na auna, na mayar da kowanne tsakiya, har guda goma sha biyu. Ina yi ina share hawaye. A raina na ce in ta kama kullum in riƙa yi masa haka a ɓoye, zan yi.

Da Baba ya dawo bai ma shigo ba, daga bakin ƙofa ya tsaya.

"Uwata, wa ya taɓa min katako?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce ni ce, na ga kamar sun ɗan goce ne. Ya dube ni, ya dubi garin magogi a kan benci, ya gane komai, har da abin da ba a gaya masa ba. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki sabon guntu, ya ɗora shi a tsinin injin ba awo ba alama, ya ce in auna. Na auna ta ko'ina, tsakiya ce cif.

Ya ce ai tsakiya ba ta buƙatar fensir a wurinsa, kaucewar ce ke son lissafi. Wata mata ce daga Bépanda ta kawo masa hoto a yagaggen shafin mujalla, ta ce irin wannan masu sauran ƙarfi suke saye. Ya fitar da gindi da bakin da kyandir zai zauna, sannan ya sassauta, ya matsar da katakon zuwa gefe, ya mayar da bel kan ƙaramin gudu. Injin ya soma rawa, kwanon tuwo yana kaɗawa a kan benci. Katakon ya zama inuwa, ƙarfen yankan ya ci nan, ya tsallake can, taf, taf, taf. Baba bai ƙifta ba. Da ya kashe injin, ga wuyan abin ya langaɓe gefe guda, amma da ya ajiye shi ya tsaya daram.

Na zauna a kan buhun garin katako ina dariya kamar taɓaɓɓiya. Tun ranar da aka sallame ni ban ji sanyi a raina irin na wannan rana ba.

Ya miƙo mini magogina, ya ce in mayar masa da ɗigonsa sha biyu inda na same su, kuma in gaya wa ɗan Village kada ya ɓata kuɗin mota ranar Juma'a. Na duƙa ina gogewa, shi yana can ƙarshen shago yana wanke hannu.

"Uwata," ya ce, "gyara ɗankwalinki. Ga furfura guda ta leƙo ta bayan kunnenki na hagu."

Da na koma gida na duba madubi. Tana nan kuwa, guda ɗaya tak, kuma ban cire ta ba.