Mun Je Ɗauko Hannatu a Tashar Ɗorawa

Mun bar Kafanchan tun gari bai gama wayewa ba, ranar Asabar, ni da matar kawuna. Tun da muka dawo 'yan zumuntar mata ke tare ni a ƙofar majami'a suna tambayar inda muka je, wasu don tausayi, wasu don son jin labari. Shi ya sa na ga gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Neman Hannatu muka tafi, 'yar kawuna, wadda muka tashi ɗaki ɗaya da ita. Lokacin yaƙin basasa tana sayar da shinkafa a tashar jirgin ƙasa, a nan wani direban babbar mota ya gan ta ya yi mata alkawarin aure. Ciki ya bayyana, maganar aure ta bi iska. Ikilisiya ta sa ta a ƙarƙashin horo, kawu kuma da yake dattijon ikilisiya ne ya ce ba zai tsaya gaban jama'a yana tsawata wa 'ya'yan wasu ba alhali tasa tana cikin gidansa. Ta bi direban, shekaru suka wuce ba mu ji ɗuriyarta ba. Sai kwanan nan wata maƙwabciyarmu 'yar Ibo mai sarin citta ta ja matar kawu bayan gida, ta ce ta ga Hannatu a Tashar Ɗorawa, gaba da Kwoi a hanyar Keffi, kuma in ana son a same ta da rai a yi sauri. Da aka gaya wa kawu sai ya ce shi ba shi da 'ya mai wannan suna, ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Bai ce mu je ba, bai kuma hana mu ba.

Motar katako muka samu, mai benci a baya, an cika ta da buhunan gishiri da garewanin kananzir. Kafin mu tashi wata tsohuwa ta tsayar da kowa, ta ce ita ba ta san naira ba, sai an faɗa mata kuɗin mota da sule. Da aka faɗa mata ta ce ai ya fi tsada a haka, a mayar mata da shi naira. Kowa ya yi dariya ban da matar kawu, wadda ta rungume kwanon faten acca a cinyarta. Tun kafin asuba ta dafa shi da yakuwa, don shi Hannatu ta fi so tana yarinya.

Ƙarshen damina ne, hanyar jar ƙasa duk ruwa ya zaizaye ta. A Kagoma muka ga mata jere a bakin hanya ɗauke da doya a kafaɗa, gonakin dauro sun sunkuyar da kai, ana ta yankan acca. Wajen wani rafi mota ta kafe a laka, maza suka sauka turi, wani mai kwat da ya yi ta ba mu labarin Kaduna tun daga tasha ya dawo kujerarsa jawur har gwiwa, bai ƙara magana ba. Daga Kwoi ƙanshin citta ya riƙa bin mu, don an fara tono. Rana ta kusa tsaka muka isa.

Na sha jin sunan wurin nan a bakin mutane, kullum da murya ƙasa-ƙasa, har na ɗauka wani babban gari ne. Ashe wata ƙatuwar ɗorawa ce da rumfunan kwano kewaye da ita. Ƙasa ta yi baƙi da man mota, tsofaffin tayoyi jibge ko'ina, manyan motoci 'yan kaɗan a tsaye, direbobi na barci a ƙarƙashinsu. A gindin bishiyar wasu na buga karta, gefe guda ana dafa burkutu a cikin tukwane. Bayan rumfunan akwai dogon layin ɗakuna masu labule a ƙofa, rabinsu rufin ya rufta, ciyawa ta tsiro a ciki.

Muka tambayi Hannatu, ba wanda ya san ta. Sai da matar kawu ta kwatanta wushiryarta da tabon ƙuna a hannun hagu, sannan mai tuyar ƙosai ta ce ai Delu muke nufi, ta nuna mana ɗakin Magajiya, wato shugabar matan wurin.

Magajiya tsohuwa ce tukuf, ido ɗaya ya yi fari, haƙoranta sun rine da goro. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta ce mu ɗan jira, Delu ta kwana tari, yanzu barci ya ɗauke ta. Ni na zauna ina kaffa-kaffa da zanena kamar ƙasar za ta ɓata ni. Ta lura, ta yi murmushi, ta ce Malama ki saki jiki, tabarmar wankakkiya ce. Don in rufe kunya na tambaye ta tun yaushe take nan.

Ta ce a nan aka haife ta. Kafin mota, wurin zangon fatake ne, masu jakuna suna sauka da kanwa da gishiri daga arewa, su haɗu da masu goro da manja daga kudu. Wani falke ne ya zo da uwarta, ta kwanta ciwo, ya bar ta a hannun mai zango ya ce zai biyo ta a dawowa. Uwar ta warke, ta yi ta jira, cin abinci kuwa ba ya jira, da haka ta zama ta kowa. Bayan fatake sai leburorin haƙar kuza, waɗanda aka ɗiba dole zuwa Jos. In suna komawa gida da ɗan abin da suka samu, a nan caca da giya ke cinye shi, wasu kunya ta hana su ƙarasawa ƙauyensu, suka tsufa a gindin ɗorawar. Da jirgin ƙasa ya kwashe kaya wurin ya kusa mutuwa, sai manyan motoci suka tashe shi. Amma ba a taɓa cika irin ta lokacin yaƙi ba. Ta ce sojoji da direbobi ba dare ba rana, goge ba ya yin shiru, mata daga kowane yare, wasu mazansu sun mutu a bakin daga, wasu an kore su daga gida. Yanzu an ja sabuwar kwalta ta wani gefe, motoci sun koma can, masu sauran ƙuruciya sun bi su. Tsofaffi da marasa lafiya ne suka rage.

"Na ga jaki, na ga mota," in ji ta. "Duk namijin da ya ajiye mace a nan cewa yake gobe zai dawo."

Wata mata ta leƙo ta ce Delu ta farka.

Da ba don wushiryar ba da ban gane ta ba. Hannatu da ke ɗaukar tulu biyu daga rafi ta koma ƙashi da fata, tarin fuka ya cinye ta. Ta gaishe mu da Hausa tsantsa kamar Bakanuwa. Uwarta ta durƙusa ta amsa mata da yarenmu, ta kira ta da sunan da kakarmu ta sa mata. Hannatu ta buɗe baki za ta mayar, harshen ya sarƙe, kalmomin suka ƙi zuwa, sai ta juya fuska ga bango tana kuka.

Daga baya ta ci faten cokali biyu, ta ce yakuwar ta yi yawa kamar kullum, muka yi 'yar dariya. Ta ba mu labari a hankali, tari na katse ta. Direban ya sauke ta a nan ya ce zai kai kaya Makurɗi ya dawo. Ta haifi ɗa namiji, ƙyanda ta ɗauke shi kafin ya fara tafiya. Tun da ciwo ya kwantar da ita matan nan ke wanke ta, su ke kai ta ɗakin shan magani, su ke ba ta kunu a baki.

Uwarta ta ce ta tashi mu tafi, akwai asibiti a gida, akwai ɗakinta yana nan. Hannatu ta dube ta ta ce, "Baba ne ya aiko ku?"

Na so in ce eh, har na buɗe baki. Amma matar kawu ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Ya san mun zo."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba, Mama." Ta huta kaɗan. "In na sauka a ƙofar gida ya tashi ya shige ɗaki, ba ni da ƙarfin dawowa. Nan ko ba komai, in na yi tari ba mai kau da kai."

Muka yi ta roƙo har la'asar, ba ta sauya ba. Abin da ta nema kawai in yi mata addu'a. Ina cikin yi na ji ana cewa amin a bayana, na waiga na ga Magajiya da sauran matan tsaye a bakin ƙofa, hannuwansu a buɗe.

Motar doya ce ta dawo da mu, muna zaune a kan kaya. Muka yi ta tafiya har muka hango fitilun tashar jirgi. Dare ya yi sosai muka shiga Kafanchan, sai ga kawu tsaye a tashar mota cikin kwat ɗinsa na Lahadi. Muka sauka bai dube mu ba. Idonsa na kan motar, yana bin kowa da kallo har ta zama wayam. Sannan ya ce, "Ta ƙi?" Matarsa ta gaya masa abin da Hannatu ta tambaya, da amsar da ta ba ta. Ya juya ya kama hanyar gida, muka bi shi a baya.

Ranar Litinin ya tafi shi kaɗai. Ya same ta da rai, amma ta wuce a ɗora ta a mota. Ya zauna a wurin, yana kwana a zauren Magajiya, har ranar Alhamis da Ubangiji ya karɓe ta. Bayan ɗorawar akwai wani fili da ake binne matan wurin, Kirista da Musulmi da masu bin al'ada duk gefe da gefe, ba suna a kan ko ɗaya. A nan ya binne ta kusa da ɗanta. Direbobi ne suka taya shi haƙa.

Ni dai na tafi da tunanin zan ga wurin da miyagun mutane suka taru suka gina. Abin da na gani shi ne wurin da gidaje irin namu suka daɗe suna cikawa, tun zamanin jakuna, kuma waɗanda muke tsallake hanya in mun gan su su ne suka yi wa 'yarmu jinyar da ba mu yi ba. Na san yadda ake zuwa Kwoi tun tuni, ban taɓa tambayar inda Hannatu take ba sai da aka zo aka faɗa mana.

Kawu bai ba kowa labarin abin da shi da Hannatu suka faɗa wa juna ba. Ranar Lahadin da ta biyo baya ya shigo majami'a da wuri, ya wuce kujerun dattawa da ke gaba, ya je ya zauna a bencin ƙarshe inda waɗanda ke ƙarƙashin horo ke zama. Fasto ya aika a kira shi, kawu ya ce a bar shi nan.