Zanen Kwamfuta na Kakata

Duk sanda na ratsa layin masu atamfa a kasuwar Azare, ƙamshin sabon yadi ya bugi hancina, sai kakata ta faɗo mini a rai.

A hannunta na tashi, a Katagum. Idan damina ta yi nisa kogi ya cika, gidanmu ba ya rabuwa da hayaƙin bandar kifi. Ni kuwa aikina tsintar gawayi a murhu, in bi bangon ɗakinta da zanen kifaye da taru. Kowa a gidan ya gaji da ni, ban da ita. Idan kawuna ya ɗauko tsumagiya, sai ta ce, "Ƙyale mini maigidana, ɗakina yake yi wa ado."

Da na koma Azare karatu, sai na kamu da son kwamfuta. Na koyi rubuta mata umarni, in zana kifi ɗaya, in ce ta maimaita shi, ta juya shi, ta sauya masa launi har fuskarta ta cika. Ba malamin da ya sa ni, daɗinsa kawai nake ji.

Wata rana Kaka ta kira ni a wayar kawuna. Kunnenta ya fara nauyi, layin kuma yana yankewa. Ta tambayi abin da ya hana ni zuwa hutu, na ce zane nake yi da kwamfuta. Ni zanen hoto nake nufi, ita kuwa ta ji zanen ɗaurawa. Kafin mako ya zagayo, duk tsofaffin unguwa sun san jikanta yana saƙa zannuwa da inji, kuma da nasa za ta je bikin 'yar ƙanwarta bayan girbi.

Kawuna ya ba ni labari yana dariya. Ni ban yi dariya ba. Ka san tsofaffin nan, ba sa manta cika baki, kuma Kaka ba ta taɓa faɗin abu a kaina ya tashi a banza ba. Na ji tsoron in zama sanadin da za a yi mata dariya a taron biki.

Na koma kan kifayena, na gyara umarnin yadda gefe zai haɗu da gefe ba tare da an ga gaɓa ba. Sau da yawa wutsiya tana fitowa a bakin wani kifin. Da ya daidaita, wani abokina ya kai shi Kano wurin masu buga hoto a yadi. Ana gobe biki na shiga mota da shi a jaka.

Ta warware shi a tsakar gida, ta daɗe tana shafa shi. Ta gane kifayen bangonta, na ga idonta ya ciko. Sannan ta harare ni ta ce, "Wane irin miji ne zai kawo zane babu kallabi?" Duk da haka, sai da ta zaga gida-gida da shi kafin ta isa wurin bikin.

Yanzu ƙannena a waya suke zane, bango ya huta. Kaka ta tsufa ƙwarai, amma har yau ita ke fara ganin duk sabon aikina. Idan aka tambaye ni sana'ata, nakan ce zane, kuma na daina gyara wa kowa yadda ya ji shi.