Ranar da Na Ɗauko Malam a Keke

Na haura shekara hamsin kafin na taɓa ɗora ƙafa a kan feda, kuma ba sha'awa ce ta sa ni ba. Wanda ya ce muku neman suna nake yi, ku ce ya zo ya faɗa a gabana.

Maigidana, Malam, mai gyaran takalma ne. Tun kafin a kawo ni gidansa yake da wurin zama a tsakiyar gari, gindin wani mangwaro kusa da ofisoshi. Kullum da safe sai ya hau kekensa ya miƙe Titin Koudoukou, ya ci kilomita biyar ɗin nan da unguwarmu ta samo suna daga gare su. Babu takardar da ta ba shi wurin. Can ƙa'idar ɗaya ce, wanda ake gani kullum shi ne mai wuri. In ka ɓace, inuwa ba ta jiran kowa.

Sai ido ya fara cin amanarsa. Abin da ke hannunsa yana ɗan gani, sauran kuwa yatsunsa sun san aikinsu. Amma na nesa ya zama hayaƙi. Bai gaya mini ba. Ranar da ya shigo yana tura keken, gwiwa na jini, ranar na sani. Kurar ruwa ya afka wa, tana tsaye abinta a bakin hanya.

Ya zauna a gida. Kwana uku ina kai tuwo ina ɗaukowa kamar yadda na kai. Mutumin da ba ya raina miyata ko da gishiri ya yi yawa! 'Ya'yanmu tun lokacin rikici suka koma Kamaru, mu biyu ne a gidan. Kuɗin moto, wato babur ɗin haya, zuwa da dawowa kuwa ya fi abin da ɗinkin ke kawowa. Tafiyar ƙasa, gwiwar ta hana.

Rana ta huɗu na yafa gyale na taka har gindin mangwaron. Akwai wata mata 'yar unguwar Miskine mai gasa ayaba a gefensa, shekara da shekaru suna raba inuwa, a wurinta yake barin akwatin aikinsa. Ta tare ni da Sango, yaren garin, ta nuna mini tasarta da ta kife a kan kujerar Malam.

"Mama, wani saurayi ya zo da akwatinsa sau biyu. Na ce masa mai wurin na nan tafe. Zuwa Litinin zan iya riƙewa. Bayan nan bakina ya ƙare."

Ranar Laraba ce. Na dawo gida ƙafafuna sun kumbura, na tarar da keken jingine da bango. Na daɗe ina kallonsa.

"Malam, koya mini."

"Koya miki me?"

"Wannan dokin naka. Ni zan riƙa kai ka."

Ya yi dariyar da rabona da ji tun kafin ya faɗi. Da ya ji ban taya shi ba, sai ya daina. Can ya ce, "Da zani za ki hau?" Na ce ai yana da wando uku, ɗaya ba zai yi kewarsa ba.

Washegari bayan asuba muka fita lungun bayan gida, wandonsa a ƙarƙashin zanina. Ya riƙe kariyar baya yana ɗingishi, ni ina sama ina salati. Keke dai ba shi da kunya, ba ya duba furfura. Na faɗi dama, na faɗi hagu, na rungumi katangar maƙwabta kamar 'yar'uwata da ta dawo daga Makka.

"Kina kallon taya," in ji shi.

"Kai da ba ka gani, ina ka sani?"

"Hannuna ke gaya mini. Ɗaga kai ki kalli nesa. Inda idonki ya je, can keken zai bi."

Na ɗaga kai na kafa wa wata bishiyar gwanda ido a ƙarshen lungu. Wallahi sai ga ni a gindinta. Na waiga in yi masa albishir, ashe tun tuni ya saki, yana tsaye can baya da hannu a miƙe.

Ranar Asabar ya ce tuƙa kai daban, ɗaukar mutum daban. Muka ɗaure buhun garin rogo a kariya, ya jinjina shi ya ce saura kaɗan ya kai shi nauyi. Na yi zagaye biyu lafiya. A na uku akuya ta gilma, na manta da birki na sa ƙafa, buhu ya fashe, na tashi fari fat. Matan lungu suka leƙo. Wata tsohuwar ƙawata ta ce, "Yau a titi za a tuƙa tuwon?" Na ce mata, "In kin kawo miya." Na karkaɗe jikina na sake hawa. Kafin la'asar ta Lahadi ni da sabon buhu mun saba, har ina kwana da shi ba tangarɗa.

Abin da ban lissafa ba shi ne buhu ba shi da kunya. Yana jingina da bayana ya lafe. Malam kuwa mutum ne.

Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa shiga gabansa a hanya ba. Ko biki za mu, yana gaba ina baya. Hannunsa bai taɓa taɓa ni a wajen ɗaki ba, haka muka ga iyayenmu. To safiyar Litinin ya hau kariya, ya cusa yatsu a ƙarƙashin sirdi, ya ja jikinsa baya kamar wanda aka ce bayana wuta ne. Ina taka feda sai kan keken ya fara rawa.

"Malam, ka riƙe ni."

"A titi?"

"To a ina? A titi muke."

"Tuƙa dai. Na riƙe sirdi."

Muka fito Koudoukou daidai lokacin da ake buɗe shaguna. 'Yan canji na zaune a kan bencinsu, duk sun san shi. Ɗaya ya miƙe tsaye. "La ilaha! Malam, sabon direba aka yi?" Wani ya ce, "Inna, nawa ne zuwa kasuwa?" Ni dai idona na nesa. Amma duk lokacin da aka yi magana sai Malam ya ƙara ja da baya, keken ya ƙara lilo. Sau uku ina dira ƙafa kafin mu fita unguwa. 'Yan moto na wuce mu suna ihu, "Yeke yeke, Mama!" wai in bi a hankali. Rana na ɗagawa. Na san ma'aikata sun fara isa ofis, kuma mai akwatin nan ba zai makara ba.

Na ce, "In muka ci gaba haka, sai azahar."

Ya ƙara damƙe sirdin.

Sai ga shataletale. Ni ban taɓa shigarsa a kan abin hawa da hannuna ba. Motoci ta ko'ina, babu mai jiran wani. Na shiga da bismilla. Wata tasi ta matso har ina jin zafin injinta a ƙaurina, ta danna oda, tayata ta gaba ta faɗa rami. Keken ya tafi zai kwanta. Sai na ji hannu biyu sun kama ƙuguna, kansa ya dafe tsakiyar bayana.

Keken ya miƙe. Kamar an ɗora shi a kan zare.

Muka fita shataletalen, ina tuƙi kamar ban ji hannunsa ba, kada ya tuna ya saki. Bai saki ba. Sai ma ya fara magana a bayana, ƙasa-ƙasa. "Akwai rami gaban masu sayar da fetur a kwalba, ki ɗan ba shi wuri. In kin ji ƙamshin burodi, kwana na nan tafe." Hanyar duk tana cikin kansa, rami da tudu. Ni ido, shi hanya, muka tafi.

Daga nesa na hango mangwaron. Saurayin na tsaye da akwati a kafaɗa, mai ayaba kuwa ta zauna daram a kan kujerar Malam ta harɗe hannu. Tana ganinmu ta tashi tana guɗa irin tasu. Na ja birki, wannan karon na tuna da shi. Saurayin ya dubi Malam, ya dubi hannun da har yanzu ke ƙuguna, ya dube ni da gumi ya jiƙa mini gyale. Ya rusuna ya gaishe mu, ya gyara akwatinsa ya gangara neman wata inuwar.

Malam ya zauna. Ya shafa kujerar, ya buɗe akwati, ya ɗauko basilla da zare. Ya gwada sau ɗaya, sau biyu, zaren ya ƙi shiga. Sai ya miƙo mini ba tare da ya ɗago ba. Na zura na mayar masa. Kafin azahar na zura sau bakwai, ni ce kuma mai gano ƙusa in ta faɗi ƙasa. Haka na samu aiki ban nema ba, kuma shekara shida na yi ina zuwansa a keke. Da azahar mai ayaba ta ba shi guda biyu masu zafi, ya cinye har yana tambayar ko akwai gyaɗa.

Da yamma za mu koma, tun ban taka feda ba na ji hannunsa ya zo wurinsa. Muka shigo Koudoukou, 'yan canji na nan inda muka bar su. Na ji ɗaya na cewa, "Ku ba da hanya, ga ango da amarya!"

Na ɗauka Malam zai saki. Sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Buga musu ƙararrawa."

Na buga har sau uku.