Bokal Arba'in da Ɗaya da Mardiya Ta Bari

"Ke ma ki goge su, Bushira. Ke ce madam. In kinka goge, saura na bi."

Yayanki Abdoulkadir ne yake faɗa mini haka, Mardiya, a bakin zauren gidanku na Garhanga ranar sadakar uku, ko gaisuwa ban kai ga yi wa Inna mahaifiyarki ba. Abin da yake so in goge muryarki ce: bokal arba'in da ɗaya, saƙonnin murya da kika riƙa aikawa kowace Alhamis cikin gurup ɗinmu na waya, kina ba da labarin wasu jarumai biyu na finafinan zane. Na ce, "To, Yaya, na ji." Iyakar abin da na ce ke nan, kuma iyakar abin da na yi a ranar.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kin rasu ranar Talata, tara ga watan Satumba na 2025, da hantsi, a asibitin Keita, bayan zazzaɓin kwana huɗu, kina da shekara talatin da ɗaya. Ina Madawa lokacin. Ba wanda ya kira ni. A cikin gurup na gani, tsakanin saƙon wani da yake rantsuwa cewa jarumin nan ba ya jin yunwa, da saƙon wani da yake ce masa jahili. Aka yi ta Allah ya jiƙan ta kusan awa biyu. Sai Mahfuzu, wanda ya kafa gurup ɗin daga Abijan inda yake cin rani, ya rubuto: "Allah shi gahwarta mata. To amma yanzu wa za shi hwaɗa muna wanda yac ci?" Gawarki ba ta bar Keita ba a lokacin.

Bari in faɗa wa waɗanda ba su sani ba yadda abin ya faro, tunda yanzu kowa yana da nasa labarin. Bara waccan wani fim na zane ya zagaya garuruwanmu daga waya zuwa waya. Da Faransanci yake. Jaruminsa yana tashi sama, yana ɗaga duwatsu, samari suka laƙaba masa Na-Sama. Ke kika riƙa fassara wa matan da ke zuwa ɗakin ɗinkinki, ƙafa a kan keke, ido a kan waya. A ƙarshen fim ɗin ambaliya ta taso wa birni, Na-Sama ya tumɓuko tsauni guda ya jefa a gaban ruwa, mutane suka yi tafi. Ke kuwa kika tsayar da keke kika ce, "Wanda yaz zana wanga bai taɓa ganin ƙorama ba. In ka toshe ruwa da dutsi guda, gewayawa shikai shi ci gonar maƙwabci."

Daga wannan haushin labarinki ya fito. Kika ɗauko Na-Sama, kika ɗauko wata jaruma ta wani fim daban, wadda ake kira Mai Inuwa domin tana shiga inuwa ta ɓace, wadda samari suka yi wata shida suna gardamar ko za ta iya kada shi. Maimakon ki haɗa su faɗa, sai kika jefo su duka biyu a kan fakon da ke bayan Garhanga, a hannun wata tsohuwa, Uwar Shantiye, shugabar mata masu jera duwatsu don tare zaizaya. Ta ba kowannensu gammo. Na-Sama ya ɗauko tsauni don ya burge, ta ce ya mayar inda ya samo shi, ƙanana ake so, a jere, a bar wa ruwa ƴar hanya. Mai Inuwa kuwa da tsakar rana a kan fako ta nemi inuwar da za ta shiga ta rasa.

Gurup ya kama da wuta. Mahfuzu ya ce kin ci mutuncin jarumi, a fim ba ya gajiya, ta yaya zai yi kanta a tafin hannu? Sau uku yana fita daga gurup ɗin da shi ya kafa, sau uku yana dawowa, kullum ranar Alhamis da la'asar. Wasu suka ce kina fifita Mai Inuwa don mace ce. Wasu suka ce kin tsane ta. Mutum fiye da ɗari biyu, rabinsu a Abijan da Libiya, suna zaginki daga Juma'a zuwa Laraba, ranar Alhamis su yi tsit su kasa kunne su ji kin ambaci sunan tudun garinsu.

Ni ma ban fi su ba, sai dai nawa zagin da tsari. Tare muka yi kwalej a Keita. Ke kika tsaya a aji huɗu, ni na wuce har jami'a a Yamai na karanta adabi, na dawo ina koyarwa a Madawa da tabbacin cewa na san yadda ake gina labari. Kowane bokal sai na bi shi da gyara: nan kin ja, nan kin manta abin da kika ce makon jiya, nan ƙarar keke ta rufe maganarki. Kina amsa mini da, "Madam, maki nawa yau?" Saboda wannan gyare-gyaren ne na riƙa kwafe su ɗaya bayan ɗaya a katin waya, ina ce wa kaina zan rubuta nazari a kansu. Ban rubuta ko layi ɗaya ba. Wayoyin mutane suna cika suna gogewa, naki ma kin sha sharewa don ki sami wurin hotunan ɗinki. Da kika rasu sai ya zamana ni kaɗai nake da su cikakku, ni da na fi kowa kushe su.

Akwai abin da ban taɓa gode miki a kai ba. Shekarar da na faɗi jarrabawar shiga aikin gwamnati na rufe kaina wata guda, ba na ɗaukar wayar kowa. Ke ba ki ba ni haƙuri ba, kin san ba na son sa. Sai kika riƙa aiko mini kullum da tambaya a kan wata kalmar Faransanci, wai ba ki gane ta ba. Ina amsawa a fusace, ina mamakin yadda kika manta abin da muka koya tun aji ɗaya. Sai daga baya na lura duk kalmomin kin san su. Abin da zan gyara kika ba ni, domin kin san da gyara nake rayuwa. Haka kika yi wa Sha'ibu na Karofane, wani ɗan gurup ɗinmu, da ya karye a wurin gini a Libiya yana kwance ba mai duba shi: kika saka shi cikin labarin, kika mai da shi mai kai wa jarumai ruwa a kan jaki, mako huɗu ana kiran sunansa har ya miƙe.

Yanzu ga inda muka tsaya. Abdoulkadir ya aiko bokal nasa cikin gurup washegarin rasuwarki, ya roƙi duk mai muryarki ya goge don Allah. Ya ji cewa abin da mutum ya bari yana ci gaba da bin sa, alheri ko akasinsa, kuma bai san a wane gefe za a ajiye labarin ƴan zane da dariyar mace ana ta juyawa a wayoyin maza ba. Na so in ji haushinsa sosai, amma shi ne ya kwana huɗu a kan tabarma a gefen gadonki. A zaure ya ce mini, "Tsoro nike ji, Bushira. Tana can cikin ƙasa, mu muna nan muna kunna ta tana dariya." Takardar jami'ata ba ta ce komai a kan kabari ba. Abin da na sani kawai, ba wanda ya ce a warware rigunan da kika ɗinka, kuma ƴarki Mubaraka shekararta biyu, ba za ta tuna yadda kike magana ba.

Masoyanki kuwa suka rabu. Rabinsu suka goge, suka aiko hoton shaida kamar masu neman yabo. Ɗaya rabin suka buɗe ƙuri'a a kan wanda zai ƙarasa labarin. Wani ma bai jira ba, ya aiko nasa ƙarshen, inda Na-Sama ya yar da gammo ya kada kowa cikin minti biyu, abin da kika yi wata goma kina hanawa. Mahfuzu ya kira ni yana roƙon in tura masa duka. Na fara wanke shi tas, sai ya ce shekararsa huɗu bai ga damina a gida ba, a bakinki yake ganin ta. Na kashe waya. Har wanda nake so in tsana ya hana ni.

Kwana huɗu ban goge ba, ban tura ba, ban iya saurare ba. Ranar sadakar bakwai na koma Garhanga na shiga ɗakin Inna Hajjo. Tana zaune da carbi, ƴar rediyonta mai karɓar kati tana gefe. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗiyata, mi taka hwaɗi ne cikin abin ga da suka ta rigima kai?" Ashe ba ta taɓa ji ba. Kara ta hana ta tambayarki kina da rai, ke kuma kunya ta hana ki kunna mata. Na ciro katin na saka a rediyon, na zaɓi na bakwai, ranar da jarumai suka fara aiki.

Ƙarar keke ta fara fitowa, sannan ke. Inna ta sauke carbi. Da Uwar Shantiye ta buɗe baki sai na ga abin da digirina bai nuna mini ba cikin wata goma. Inna ce. Ita ta shugabanci matan unguwarku zamanin da ake jera duwatsu a kan tuddan nan, maganganunta ne kika kwashe kaf, har da tsakinta. Ta saurara har tsakiya, sai ta ɗaga hannu. "Nan ta yi ƙarya. Ba mu ba baƙo gammo rana ta hwarko. Kai tsirara shika ɗauka, shi san nauyi." Na ce a raina, ga wata mai gyaran ta samu. Na ce, "Inna, gardamar da sukai, wa za shi ci tsakanin su biyun?" Ta dube ni kamar na tambayi abin da yaro ya sani. "Wanda yad dawo aiki da sahe mana."

Muryarki ce ta jawo Abdoulkadir daga tsakar gida. Ya tsaya a bakin ƙofa. Inna ta ce, "Bushira, goge na wayarki gaban yayanki." Na goge, yana kallo, arba'in da ɗaya cif. Sannan ta dafa rediyon. "Wanga kuwa na ɗakina ne. Ba shi zuwa Abijan, ba shi zuwa ko'ina. Ni na haihe ta. In da alhaki, ni ka ɗauka." Ya ce, "To, Inna." Amma bai tafi nan da nan ba. Sai da kika gama wata dariya, keke ya tsaya, sannan ya juya ya fita yana gyara hula.

Ba ni da ko kalma ɗaya taki yanzu, Mardiya. Saƙo na ƙarshe da na aika miki gyara ne huɗu a kan bokal na arba'in da ɗaya. Kin tambaye ni maki, ban amsa ba, ina jiran in ga ƙarshe tukuna. Ga masu ƙuri'a: ba zan tura ba, ba ni da su, kuma ba wanda zai ƙarasa. Amsar tambayarku tana sama, daga bakin mai ita.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sanya dariyar da kika ba mutanen da ke nesa da gida a ma'aunin alherinki. Idan akwai kuskure a cikinta, ya gafarta miki, ya gafarta mana mu da muka saurara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hajjo, da mijinki Malam Adamu, da Yaya Abdoulkadir, da dukan dangi na Garhanga da Keita. Allah ya raya Mubaraka, ya ja kwanan kakarta har yarinyar ta isa zama kusa da rediyon nan. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ranar nan da na tashi tafiya, Inna tana laluben maɓallin rediyon da ɗan yatsa, ta ƙi in taimaka mata. Ta ce, "Ja mini ƙohwa in kin hita." Ina jan ƙyauren na ji keke ya tashi, na ji kin ce, "To jama'a, ina munka tsaya?" Na rufe, na sa takalmina, na nufi tasha kada motar Keita ta bar ni.