Mai hoto manya ya auna

"Ga tarihinmu nan gaba ɗaya, Madam," in ji mai kula da biro, wato ofishin wasanni na jami'a, yana nuna mini bango.

Hoton Yaya Sani na zo nema. Yana cikin samarin da suka fara buga wa jami'armu ƙwallon kwando, su ma suka kwaɓa simintin filin da hannunsu. Bara ya rasu. Inna a Gaffati ba ta roƙe ni komai ba sai ta sake ganin fuskarsa ta samartaka.

Hoton ekip ɗin farko, wato ƙungiyar su Yaya, yana nan cikin gilashi. Manya na zaune a gaba, riguna fes, kofin gasa a cinyar wani da bai taɓa jefa ƙwallo ba. Ƴan wasa na tsaye a baya, hoton ya yanke su daga wuya.

Na ce, "Malam, ina kawunansu?"

"Ai tsawo ne ya yi musu yawa. Mai hoto manya ya auna."

Da tabon ƙunar hannunsa na gane Yaya. Na ɗauka a waya, na ja ƙofar a hankali, na kama hanyar tasha.

Jama'a, in nuna wa Inna, ko in ce ban samu ba?