Ciwon Allah da Ciwon da Aka Sayo

Ranar da ban taɓa iya mantawa da ita ba a duk shekarun da na yi ina aikin asibiti, wata Alhamis ce tsakanin ƙaramar salla da babba, farkon shekarar 1970. Ku yaran asibiti da kuke buɗe kabad yanzu ku tarar da magani jibge har kuna yamutsa fuska, ku matso ku ji.

Lokacin ni ne malamin asibiti a wani ɗan asibiti da jama'ar Zongo, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi, suka gina da kansu a Alabar, can ƙasar Asante. Malamin asibiti ba likita ba ne. Ni ke yin allura, in wanke gyambo, in ba da ƙwaya, abin da ya fi ƙarfina in ajiye wa Dokita, wani mutumin Asante da ke zuwa mana ranar Alhamis kawai. A samanmu akwai kwamitin dattawan unguwa, shugabansu Alhaji Mamman mai goro, mutum mai kirki amma kaifi ɗaya.

A watannin nan gari a hargitse yake. Gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa, kuma masu kantin maganin da muke saye a wurinsu duk sun rufe sun tafi. Kabad ɗina ya koma aspirin da bandeji. Sai Dokita ya zo da labari cewa ya samo mana kwali ɗaya a babban sito, amma sai mun zaɓa: ko maganin tarin fuka, allura da ƙwayoyinsa, ko fenisilin. Ya ce shi ba zai zaɓa ba, asibitin na mutanen Zongo ne, dattawa su yanke.

To ga inda gizo ke saƙar. Kafin nan da 'yan kwanaki wani makaniki daga Magazine, unguwar masu gyaran mota, mai suna Isiyaku ya zo mini, ya jira sai da kowa ya watse sannan ya shigo yana sosa ƙeya. Ciwon sanyi ne, irin wanda ake ɗaukowa a yawon banza, kuma fenisilin ne maganinsa. Ga wanda bai sani ba, wannan ciwo miji yana sa wa matarsa ita ba ta ma san tana da shi ba, idan ta zo haihuwa ya shiga idon jariri, in ba a yi sauri ba ya makance. Matar Isiyaku, Hajara, cikinta ya tsufa. Kuma Hajara 'yar Alhaji Mamman ce, ta koma gidansa goyon ciki tunda haihuwar fari ce.

Na ce masa, "Isiyaku, ka ɗauki matarka ku tafi babban asibiti, ku duka biyu."

Ya ce, "Malam, ubana daga Nijar ya zo, ni ko takarda ba ni da ita. In na shiga cikin gari aka tare ni, shi ke nan sai bakin iyaka. Sannan in je gidan surukina in ce masa me? Don Allah ka rufa mini asiri."

Rufin asirin majiyyaci shi ne abu na farko da aka koya mana, tun kafin a ba mu sirinji mu riƙe. Na ce masa ba mai ji daga bakina.

Ranar Alhamis ɗin dattawa suka zauna a kan bencin majiyyata bayan la'asar. Dokita ya yi bayani da Hausarsa ta kasuwa, ya koma gefe ya naɗe hannu. Wani ya tambaya su waye masu tarin fuka, na lissafa musu, har da Malam Tanko ladaninmu, wanda tari ya hana shi kiran salla tun azumi. Aka tambaya fenisilin fa, na ce yana maganin abubuwa da yawa, amma mafi yawan masu zuwa nemansa a wurinmu samarin Magazine ne da direbobi. Kowa ya gane, wasu har da murmushi.

Alhaji Mamman ya gyara zama ya ce, "Ai wannan ba abin jayayya ba ne. Akwai ciwon da Allah ya ɗora wa bawa yana zaune a ɗakinsa, akwai wanda mutum ya taka da ƙafarsa ya je ya sayo. Malam Tanko me ya yi? Wanda ya sayo nasa ya je ya nemi magani inda ya sayo."

Wallahi a lokacin maganar ta shige ni, don ni ma haka aka rene ni in gani. Amma fuskar Hajara nake gani, yarinyar da na yi wa lamba tana ƙarama. Da aka ce in faɗi ra'ayina, na ce, "Alhaji, ciwon nan ba ya tsayawa a kan wanda ya ɗauko shi. Yana shiga gida."

Ya dube ni ya ce, "Gidan wa?"

Ya ƙara matsa mini.

"Malam Sani, in akwai gidan ka faɗa mu ji. In babu, kada mu bar ladani ya mutu saboda 'yan iska."

In na faɗa, na kashe aure, na tona wanda ya amince da ni a gaban dattawan unguwa, kuma daga ranar ba wani saurayi da zai sake kawo mini ciwonsa. In na yi shiru, jikan mutumin da ke tambayata ne cikin haɗari, shi bai sani ba. Na dubi Dokita, ya kau da kai, don shi ma bai san zancen ba. Sai na ji bakina ya ce, "Ni dai na faɗi yadda ciwon yake." Aka yi fatiha, aka zaɓi maganin tari.

Ban zauna ba. Na bi Isiyaku har Magazine, na same shi ƙarƙashin wata babbar mota. Ya ce ya sayi kafso a wurin mai talla, ciwo ya tafi, in daina tayar da hankalina. Na je wurin ungozomar unguwa na ce mata duk jaririn da ta ga idonsa yana ruwa ta aiko mini nan take. Ta ce to, tana kallona kamar na ce mata ban yarda da aikinta ba.

Shi kuwa Malam Tanko muka fara masa allura, na ba shi ƙwayoyinsa na wata guda, na ja masa kunne kada ya tsallake ko rana ɗaya. Bai yi rabin wata ba ya dawo wai sun ƙare. Na ce, "Malam, cinye su kake yi kamar gyaɗa?" Ya yi dariya ya ce a'a, ai masu zuwa dubiya ne. Wannan yana tari, wancan matarsa tana tari, shi kuwa ga magani a aljihu. Ya ce, "Ɗana, a Zongo wa ya taɓa ɓare goro a gaban mutane ya ci shi kaɗai?" Raba su yake yi bayan asuba, ɗaya ɗaya, kowa ya yi masa addu'a. Na rasa zagi zan yi ko kuka. Mutumin da aka zaɓa don ba shi da laifi a ciwonsa, ga shi yana mayar da ciwon da hannunsa, kuma don alheri.

Hajara ta haihu lafiya, mace. Ba wanda ya aiko mini. Ranar suna na je cin tuwo, da na gaida maza na nemi a nuna mini jaririyar. Aka miƙo mini ita a naɗe. Idanun sun kumbura sun manne, mugunya tana fitowa. Kakarta ta ce ba komai, tun kwana uku suke ɗiga mata nono suna sa kwalli, ai haka ake yi. Ban tsaya neman izini ba, na ce wa Alhaji ya sa a kawo mota, muka bar mutane da tuwo a gaba.

A babban asibiti aka ceci idon dama. Na hagu ya riga ya tafi. Likitan can bai san wane ne wane ba, ya gaya wa Alhaji sunan ciwon da inda ake samunsa, a tsaye, ba kwana-kwana. Da muka fito Alhaji ya zauna a kan dakali. Can ya ce, "Gidan da ka ce ke nan."

Na ce, "Shi ne, Alhaji."

"Me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Amana ce." Ya gyaɗa kai, amma ban san ko yarda ya yi ko gajiya ce ba. Ni kaina ban san ko amsa ce ba.

Auren bai mutu ba, abin mamaki, kuma Malam Tanko ya warke bayan na koma ba shi ƙwaya ɗaya ɗaya a hannu ina tsaye sai ya haɗiye. Da Dokita ya sake kawo zancen zaɓen kwali bayan wasu watanni, Alhaji ya miƙe ya ce a cire sunansa daga masu yankewa, shi ya gama raba wa ciwo daraja.

Na yi shekaru ina juya wannan abu. Laifin Isiyaku ne da ya ɗauko, ko na wanda ya sa shi tsoron shiga gari? Na Alhaji ne da ya zaɓa, alhali da bai zaɓi tari ba da mun binne ladani? Na ungozoma, ko nawa da na riƙe baki? Duk wanda na ɗora wa sai in ga bai zauna daidai ba. Abin da na koya kawai shi ne, duk lokacin da muka zauna muna tantance wane ciwo ya cancanci magani, wanda zai ɗauki hukuncin ba ya cikin ɗakin. Shi ya sa idan na ji ɗayanku ya dubi majiyyaci ya ce ai shi ya jawo wa kansa, nake ɓata rai har kuna cewa tsoho ya fara rikicewa. Ku yi masa allurar, ku tambaye shi su wa ke gida.

Jaririyar nan ta Hajara yanzu ita ma ta yi jikoki, tana sayar da koko kusa da tasha. Duk safiyar da na wuce sai ta karkato fuska don ta gan ni da idon daman, ta ce, "Baba Malam, zo ka sha, ai kai ka ceci idona." Ina karɓa in sha.